Yadda zazzaɓin cizon sauro ya bar tabo a jinin ɗan Adam, ya koma bijire wa magani

Binciken ƙasa kan zazzaɓin cizon sauro na shekarar 2021 ya nuna cewa a Jihar Kebbi, yara 49 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar na ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu. Babu jihar da ta kai wannan adadi. A Legas bai ma kai 3 ba. Wanda ya san ƙasar Yauri ba zai yi mamaki ba. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya kwanta daga Yelwa har Ngaski, ga fadamun shinkafa, ga kududdufan damina, duk makwancin sauro.

Cutar ta daɗe tana kashe yara har ta bar tabo a halittar mutane. Ƙwayarta tana hayayyafa ne cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma a 1954 Anthony Allison ya gano a Gabashin Afirka cewa ba ta sakewa a jinin mai rukunin AS. Irin wannan yaro yana kamuwa da zazzaɓin, amma ba kasafai yake yi masa tsanani ba, don haka yakan tsira, ya girma, ya gadar wa 'ya'yansa. Shi ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Sai dai kariyar ba kyauta ba ce: idan AS ya auri AS, kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da mai cutar sikila, wanda shi kuma zazzaɓin kan kayar da shi warwas.

Abin da ya ɗauki jinin mutum dubban shekaru, ƙwayar cutar a 'yan shekaru take yin sa. Kulorokwin, wanda dattawa ke tunawa da ɗacinsa da ƙaiƙayinsa, ya fara gazawa a iyakar Tailan da Kambodiya a ƙarshen shekarun 1950, gazawar ta iso Gabashin Afirka a 1978, har Najeriya ta ajiye shi a 2005 ta koma haɗin magungunan artemisinin, irin su Coartem.

Yadda abin ke faruwa ba boyayye ba ne. Maganin na kwana uku ne, sha shida. Idan aka sayi rabi a kemis, ko aka daina sha da zarar jiki ya yi sanyi, ko aka faɗa hannun jabu, raunanan ƙwayoyi ne ke mutuwa, masu taurin kai su rage, sauro ya kwashe su zuwa gidan maƙwabci. Ga mai sana'a da kullum sai ya fita, ajiye sauran maganin don gaba kamar tattali ne, alhali kiwon cutar yake yi. Tuni aka tabbatar da ƙwayoyin da ke jan ƙafa kafin artemisinin ya kashe su a Ruwanda, Yuganda, Iritiriya da Tanzaniya, kuma ta wannan yanki ne gazawar kulorokwin ta shigo nahiyar.

A Disambar 2024 aka fara allurar riga-kafi ta R21 a jihohin Kebbi da Bayelsa. Sau huɗu ake yi wa yaro: yana wata 5, 6, 7, sannan 15.