Haruffa Masu Ƙafa Da Marasa Ƙafa

Mu da a ke horarwa domin aikin koyarwa, ya kamata mu san kayan aikinmu kamar yadda maƙeri ya san uwar maƙera. Babban kayan aikin malami kuwa harafi ne. To, haruffan boko na ɗab'i iri biyu ne. Waɗansu suna da 'yan ƙafafu a ƙarshen kowace sanda, su ne Turawa ke kira serif. Waɗansu kuwa sanduna ne tsirara, ba ƙafa, ana ce da su sans serif.

Masu ƙafa su ne na farko. Asalinsu daga rubutun da Rumawa su ke sassaƙawa a kan dutse, irin wanda ke gindin hasumiyar Sarki Tarajan a birnin Rum tun shekarar 113. Daga zuriyarsu a ka sami Times New Roman, wanda jaridar Times ta Landan ta fara aiki da shi a 1932. Sandunansu wata kauri wata siriri, suna da kwarjini irin na dattijo, don haka maɗaba'a su ka saba buga littattafai da jaridu da su.

Marasa ƙafa ba su shiga ɗab'i ba sai a 1816, a hannun William Caslon na huɗu a Ingila. A 1916 Edward Johnston ya zana wani irinsu domin tashoshin jirgin ƙasa na ƙarƙashin Landan, watau don mai sauri ya karanta daga nesa. Wanda ya tashi daga Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru ya nufi Tudun Wada da Doguwa, ko ya ratse zuwa Tiga ta ƙasar Bebeji, in ya lura da allunan hanya zai ga mafi yawansu wannan iri ne. Direba ba shi da lokacin duban ado. Haka kuma yaro mai koyon a, ba, ca ya fi saurin kwaikwayon sanda da da'ira a kan allo.

Amma kowane allazi da nasa amanu. A cikin marasa ƙafa da yawa, babban I da ƙaramin l kamanninsu ɗaya. In an rubuta Illa, yaro sai ya ga sanduna uku a jere kafin a, ya rasa inda zai kama. Masu ƙafa kuwa, in an ƙanƙanta su ko tawada ta yi ƙaranci, siraran sandunan nan su kan ɓace.

Akwai kuma abin da ya shafe mu Hausawa musamman. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ, sun zauna cikin rubutunmu tun zamanin da a ka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, amma har yanzu ba kowane irin rubutun kwamfuta ke da su ba. In lanƙwasa ta faɗi, ƙafa ta zama kafa, ƙare ya zama kare.

Saboda haka, kafin mu zaɓi harafi, mu tambayi kanmu: wa zai karanta, daga ina, kuma na tsawon wane lokaci? Littafi a ba shi masu ƙafa, allo da sanarwa marasa ƙafa. Sa'an nan mu gwada shi da kalmomi huɗu: Illa, ɓera, ɗaki, ƙofa. In sun fito sarai, harafin ya isa shiga aji.