Ɓera da tsoro

A Damargu, daga Tanut har Belbeji, in rumbu ya cika da hatsi, ɓera na kusa. Amma ba ya son sarari. Gindin bango yake bi, don a fili mujiya da kyanwa na jiransa.

Daga ƙwaƙwalwa tsoron nan yake fitowa. Cikinta akwai ƙwayoyi masu aika wa juna saƙo. Wani sinadari mai suna serotonin yana cikin masu kai saƙon. Ƙwayoyin kuwa suna da ƴan ƙofofi iri-iri masu karɓarsa.

A 1998, masu bincike a Amurka suka samar da ɓerayen da ba su da iri ɗaya na ƙofofin, mai suna 5-HT1A. Aka saka su cikin babban akwati. Sai suka riƙa laɓewa jikin bango, suna gudun tsakiya fiye da sauran ɓeraye. Tsoronsu ya yi yawa.

A 2002 aka gano abin mamaki. In an maida wa ɓera ƙofar bayan ya girma, tsoron ba ya raguwa. Amma in ya same ta tun yana jariri, ko an rufe ta daga baya, hankalinsa kwance yake kamar na sauran.