Me ya sa a Kanada ake ƙirga ƙananan kifin koto?

Yau zan ɗan fita da ku waje, amma maganar tana shafar kwamin kowa.

A Kanada da Amurka mutane da yawa suna kamun kifi don nishaɗi kawai, kuma sukan saƙala ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya a matsayin koto. To wannan ɗan kifin, doka ce a kansa, ba ta wasa ba. A lardin Ontariyo na Kanada, mai lasisin kamun kifi ba zai riƙe fiye da guda 120 ba. Daga shekarar 2022 an raba lardin shiyya-shiyya, an taƙaita fita da koto daga wata shiyya zuwa wata. In saye ka yi a shiyyar da ba taka ba, ka riƙe rasit, kuma cikin mako biyu ka gama da shi. Wadda ta fi burge ni: haramun ne ka juye bokitin koto a cikin ruwa, ko ƙasa da mita 30 daga bakinsa. Har da ruwan bokitin fa, ba kifin kaɗai ba.

Dalili? Cuta. Wajen 2005 da 2006 wata cuta da ake kira VHS, mai sa kifi zubar jini, ta kashe kifaye masu ɗimbin yawa a manyan tafkunan da ke tsakanin ƙasashen biyu. Kifi zai iya ɗauke da ita ba tare da alama ba, tana kuma bin ruwa. Bokiti ɗaya ya isa ya kai ta tafkin da ba ta taɓa shiga ba.

Mu a nan fa? Wani ya je dam ko kududdufi ya kwaso ƙananan karfasa da ransu ya zuba wa tarwada, wai yana rage kuɗin abinci. A ganina arhar nan tsada ce, don ba ka san me ka shigo da shi ba. In dole sai ka ba su, tafasa su tukuna.

Haka in ka sayo 'ya'yan kifi a jarka. Kada ka tuttula ruwan jarkar cikin kwaminka. Tsame su da 'yar raga, ka ware su kamar mako biyu kana lura da cin abincinsu, ruwan kuma ka zubar nesa da kwami da magudana.