Wai daji ba ya son ƙarfe?

Daga Birnin Kudu har Gwaram, idan baƙin tabo ya fito wa mutum a tafin ƙafa, ko gyambonsa ya shekara bai warke ba, za ka ji ana cewa kada a bari likita ya taɓa, wai daji ba ya son ƙarfe. Ba gaskiya ba ne, kuma maganar tana cin rayuka. Sai ciwo ya gama bin jiki ake kai mutum asibiti, in ya rasu a ɗora wa tiyata laifi. Sankarar fata da aka yanke tun tana ƙarama, galibi an rabu da ita ke nan.

Masu cewa ciwon Turawa ne suna da ɗan hanzari, domin baƙar fata tana tare zafin rana sosai. Amma nau'in da ake kira melanoma yana kama mu inda rana ba ta kaiwa: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Shi ya kashe mawaƙi Bob Marley a 1981, daga yatsan ƙafa ya faro. Zabiya kuwa ba su da kariyar baƙar fata, yini a gona ba malafa babban haɗari ne gare su.

Ana kuma batun wata ƙwayar magani da ke narkar da sankara; gaskiya ne, amma da sauran magana. A cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai jerin sunadarai masu miƙa wa juna umarnin a hayayyafa. Ɗayansu, BRAF, kan lalace ya maƙale kamar makunnin wuta da ya ƙi kashewa. An gano haka a 2002, a 2011 kuma Amurka ta amince da vemurafenib mai toshe shi. Ƙari kan motse cikin makonni, sai dai sau da yawa ciwon kan sami wata hanya ya dawo bayan watanni, shi ya sa ake haɗa magani biyu. Abin da ya fi damuna, kusan rabin melanomar Turawa na ɗauke da wannan lahani, amma a ta tafin ƙafa, wadda ta fi samunmu, kaɗan ne. Wanda ba shi da shi, maganin ba zai amfane shi ba, ga ɗan karen tsada.

Gwaji ne kaɗai ke bambancewa. Likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu zai duba, a ɗebi ɗan naman wurin a auna, in ta kama a tura mutum Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.