Harlow: Garin da Birtaniya ta gina wa ma'aikata bayan yaƙi

Tafiyar wajen rabin sa'a ce a jirgin ƙasa daga tashar Liverpool Street ta birnin London zuwa Harlow, a gundumar Essex. Kafin yaƙin duniya na biyu, ƙauyuka ne da gonaki a wurin.

Bama-baman Jamus sun rusa dubban gidaje a gabashin London, waɗanda suka tsira kuwa da yawansu ba su da ɗakin wanka, banɗaki ma sai a bayan gida. Ganin haka ne gwamnatin jam'iyyar Labour ta Clement Attlee ta kafa dokar gina sababbin garuruwa a 1946, sannan a 1947 aka ware Harlow, aka ɗora wa Frederick Gibberd aikin tsara shi.

Gibberd ya raba garin unguwa-unguwa, kowace da makarantarta ta firamare da 'yan kantunanta, tsakaninsu kuma filaye masu ciyawa da hanyoyin keke. A 1951 aka kammala The Lawn, benen zama mai hawa goma, irinsa na farko a ƙasar. Sai dai akasarin gidajen masu hawa biyu ne, kowanne da ɗan lambunsa, hukuma ce kuma mai su, ana biyan haya mai rahusa.

A wancan lokaci sai wanda ya sami aiki a garin ake bai wa gida, shi ya sa yawancin waɗanda suka tare matasan ma'aurata ne. Haihuwa ta yi yawa har jaridu suka laƙaba masa suna garin keken jarirai. Matar da ta saba dumama ruwa a tukunya ta yi wa 'ya'yanta wanka a baho gaban murhu, sai ga ta tana murɗa famfo ruwan zafi na zuba. To amma ta baro uwa da maƙwabta a London, kuma kaɗaici ya dami mata da dama.

Al'amura sun sauya a 1980, lokacin da gwamnatin Margaret Thatcher ta bai wa 'yan haya damar sayen gidajen da suke ciki da rangwamen kashi 33 zuwa 50 cikin 100. Iyalai da yawa sun mallaki muhalli a karo na farko, amma an ɗaure hannun ƙananan hukumomi wajen gina madadinsu. Kusan gidaje miliyan biyu aka sayar ta wannan hanya a Ingila.

A 2013 aka sassauta ƙa'ida, aka yarda a mayar da ofisoshi gidajen zama ba sai an nemi cikakken izini ba. An yi hakan a Harlow, inda wasu ƙananan hukumomin London suka riƙa tura iyalai marasa muhalli, a wasu lokuta uwa da 'ya'yanta cikin ɗaki guda. Iyalan da suka zo daga London a shekarun 1950 kuwa, gida sukutum da lambu aka miƙa musu makullinsa.