Fara Sana'ar Su da Ƙaramin Kwale-kwale a Yankin Zuma

Gabatarwa

Manoma da yawa a yankin Zuma, wato Suleja da Madalla da ƙauyukan da ke kewaye da su, sukan nemi sana'ar da za su riƙe bayan an kawar da amfanin gona. Kamun kifi na ɗaya daga cikin irin waɗannan sana'o'i, domin Allah ya albarkaci Jihar Neja da ruwaye. Akwai kogin Gurara a kusa, akwai tafkin Shiroro da aka samu bayan datse kogin Kaduna, ga kuma tafkin Kainji wanda ya samu tun 1968. Haka nan kifi ba ya kwantai a kasuwannin Suleja da Abuja.

Sai dai sabon masunci kan yi kuskuren zuba duk jarinsa a kan inji da manyan taruna, ya bar lafiyar jirgi da ta kansa a baya. Wannan jagora na bayani ne a kan yadda za a fara da ƙaramin jirgi, a kusa da gaɓa, da ɗan jari kaɗan.

Zaɓen jirgi

Jirgin mutum ɗaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin masuntan Argungu sun daɗe suna hawa gora su yi su. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa ana amfani da wani siririn jirgin roba da ake kira kayak. A wajenmu, abin da ya fi sauƙin samu da gyara shi ne kwale-kwalen katako.

1. Jirgin mutum ɗaya ko biyu ya kasance tsawonsa mita 5 zuwa 6, faɗinsa kuma kusan mita ɗaya a tsakiya. Siririn jirgi ya fi gudu, amma mai faɗi ya fi wuyar kifewa, don haka shi ya dace da ɗan koyo.
2. A nemi wanda aka yi da katako mai jure ruwa kuma busasshe, kamar maɗaci. Ɗanyen katako yakan tsuke idan ya bushe, sai mahaɗa su buɗe.
3. Kafin a biya kuɗi, a sa jirgin a ruwa, a ɗora masa kaya, a bar shi na wasu sa'o'i domin a ga ko yana yoyo.
4. A toshe mahaɗa da auduga ko tsumma da kwalta, sannan a yi masa fentin mai. A maimaita haka kowace shekara.

Shirya jirgi

Kafin a sayi taru, a tabbatar an tanadi waɗannan kayayyaki:

1. Rigar kariya daga nutsewa ga kowane mutum. A jiki ake sa ta a ɗaure, ba a ajiye ta a ƙarƙashin mazauni.
2. Filafili biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na ko-ta-kwana, da doguwar gora ta tura jirgi inda ruwa ba zurfi.
3. Ƙwarya ko yankakken galan na kwarfe ruwa, a ɗaure shi da igiya a jikin jirgi.
4. Jarkoki biyu marasa komai, a rufe bakinsu tam, a ɗaure ɗaya a goshin jirgi, ɗaya a baya. Za su taimaka wa jirgin ya tsaya a saman ruwa ko da ya cika.
5. Dutse ko ƙarfe na tsayar da jirgi, da igiya mai tsawon zurfin ruwan aƙalla sau uku. A goshin jirgi ake ɗaure ta, domin idan an ɗaura a gefe, igiyar ruwa na iya kifar da shi.
6. Wuƙa mai kaifi ta yanke taru idan ya sarƙe, da usur, da tocila, da wayar hannu a cikin leda.

A jera kaya masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya. Kada lodi ya sa bakin jirgi ya kusanci ruwa ƙasa da taƙi ɗaya.

Kayan kamu da doka

Ɗan koyo ya fara da fatsa, da mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, da kuma gura. Waɗannan ba su da tsada, kuma ana iya aiki da su a zaune. Da su ake kama tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu. Ana iya ƙara kalli guda ɗaya domin karfasa. Jifan birgi kuwa a tsaye ake yin sa, saboda haka a jinkirta shi sai an ƙware da jirgi.

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin gida ta 1992 ta hana amfani da tarun da idonsa bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, in ban da tarun kama warangi. A ja idon tarun ya miƙe sannan a auna da ma'auni, kada a dogara da yatsu. Dokar ta kuma haramta zuba guba, da amfani da nakiya ko wutar lantarki. Mai kama 'ya'yan kifi tamkar manomin da ya cinye irinsa ne.

Kiyaye rai a kan ruwa

Jihar Neja ta sha ganin asarar rayuka a ruwa. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga jihar ya nutse a kusa da Wara ta Jihar Kebbi, haka kuma a watan Oktoban 2024 wani ya kife da dare a Ƙaramar Hukumar Mokwa. Dukansu jiragen fasinja ne da aka cika wa lodi, amma darasin ya shafi masunci ma.

1. A koyi iyo tukuna, a kuma gwada kifar da jirgi da sake hawansa inda ruwa bai wuce ƙirji ba.
2. A watannin farko, kada a yi nisan da ba za a iya komawa gaɓa da iyo ba.
3. A fita da sassafe lokacin da ruwa ke kwance. A guji fitar dare, da ranar hazo mai kauri, da lokacin da hadari ya haɗo, musamman a farkon damina.
4. A kula da kututturan itatuwan da ruwa ya rufe a tafkunan madatsai, kada kuma a kusanci bakin madatsa.
5. Idan jirgi ya kife, a riƙe shi, kada a rabu da shi.
6. A sanar da iyali inda za a je da lokacin dawowa. A wasu sassan Shiroro, a binciki halin tsaro kafin a tafi.

Kula da kifi

A cire hanjin kifi, a wanke shi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Wanda ba a sayar ba a ranar a yi bandarsa.

Kammalawa

Kafin a shiga kowane ruwa, a gabatar da kai ga Sarkin Ruwa, a nemi lasisi daga sashen kula da kamun kifi na jiha, a kuma tuna cewa madatsan ruwan sha sai da izinin hukumarsu. Yana da kyau a bi tsohon masunci na tsawon rani ɗaya, sannan a yi tunanin sayen inji daga ribar da aka samu. Don ƙarin bayani, a tuntuɓi malamin gona mafi kusa, ko Cibiyar Binciken Kifi ta Ƙasa da ke New Bussa.