Sandar Ƙarfe da Ƙarfin Jiki

Zancenmu na kimiyya a yau a kan sandar ƙarfe ne, irin wadda ake zura wa faya-fayan ƙarfe dama da hagu, ana ɗagawa don neman ƙarfi. Wadda maza ke gasa da ita, nauyinta kilo 20 ne tun ba a zura mata kome ba, ta mata kuwa kilo 15.

To, yaya ɗaga ƙarfe ke ƙara ƙarfi? A makonnin farko tsoka ba ta cika yin kauri ba, jijiyoyi ne ke koyon yadda za su sa zaruruwanta su ja gaba ɗaya. Daga baya zaruruwan su soma kauri. Wannan gini kuwa lokacin hutu jiki ke yinsa, da taimakon barci da abinci irin su wake, ƙwai da nama. Amma da zarar tsoka ta saba da nauyi, sai ta tsaya nan, sai fa an ƙara mata kaɗan. Amfanin faya-fayan ke nan.

Wannan dabara ta shiga asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wani likitan soja a Amurka, Thomas DeLorme, ya sa sojojin da suka yi rauni a gwiwa su riƙa ɗaga nauyi, ana ƙarawa sannu a hankali. Suka murmure da sauri, ya kuwa buga bayaninsa a 1945.

Kada ku ce abin na samari ne kaɗai. A 1990 masana a Boston suka ba da labarin tsofaffi goma, masu shekara wajen 90, waɗanda aka sa su ɗaga nauyi da ƙafa har mako takwas. Ƙarfin cinyoyinsu ya ninka fiye da sau biyu. Tsohon da cinyarsa ke da ƙarfi kuwa, shi ke tashi daga tabarma ba da an kama shi ba.

Wanda zai fara, ya fara da sanda marar nauyi, kwana biyu a mako. Ya miƙe bayansa, sanda na kusa da jiki, kada ya riƙe numfashi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita tukuna.

Sai mako mai zuwa. Ku huta lafiya.